Neman kakanni a tsofaffin littattafan majami'un Baftis na Virginia

Tambaya: Ina zaune a Amurka, matata kuma baƙar fatar ƙasar ce. Muna so mu haɗa wa 'ya'yanmu salsalar dangin mahaifiyarsu. Mun bi baya har muka iske kakar kakarta a ƙidayar 1870, a gundumar Caroline ta jihar Virginia, tana da shekara 34 ko kusa da haka. Daga nan komai ya tsaya cak. Dangi sun ce su dai tun kaka da kakanni 'yan Baftis ne. Na rubuta wa hedikwatar Baftis ina neman rajistar baftisma mai ɗauke da ranar haihuwa da sunayen iyaye, aka ce ba su da ita. A ina ake samun ta?

Amsa: Ɗan'uwa, waɗanda suka ce maka ba su da ita ba rowa suka yi maka ba. Rajistar da kake nema ba a taɓa rubuta ta ba. Amma akwai wani littafi da aka rubuta, kuma ga wanda kakanninsa suka yi bauta a Virginia, sau da yawa ya fi waccan rajistar amfani.

Wanda ya saba da Katolika ko Angilikan yana tsammanin ya buɗe littafi ya ga ranar haihuwar jariri, da sunan uwa da uba, da ranar da aka yi masa baftisma. 'Yan Baftis kuwa tushen rabuwarsu da sauran ke nan. Tun daga John Smyth, mai wa'azi ɗan Ingila da ya kafa ikilisiyarsu ta farko a Amsterdam a 1609, koyarwarsu ita ce ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya yi wayo ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Tunda jariri ba ɗan ikilisiya ba ne, magatakarda ba shi da dalilin rubuta haihuwarsa. Aure ma ba a littafin coci yake ba. Fasto ne yake kai rahotonsa wurin akawun kotun gunduma, bayi kuwa doka ba ta ma san da aurensu ba.

Sai kuma maganar hedikwata. Baftis ba su da bishop, ba su da wani ofishi da yake umurtar majami'u su aiko da littattafansu. Kowace ikilisiya cin gashin kanta take yi. Babbar ƙungiyar Baftis ta Kudu, wadda aka kafa a Augusta ta jihar Georgia a 1845 bayan saɓani da 'yan Arewa kan bauta, haɗin kai ce don aikin mishan, ba mai riƙe da rajistar mutane ba. Ta baƙar fata, wadda aka haɗe a Atlanta a 1895, ita ma haka. Littafin coci kayan cocin ne, kuma a ƙauye yakan zauna a gidan magatakarda, a cikin akwati. In ya mutu ɗansa ya gada, in gidan ya ƙone littafin ya bi shi. Shi ya sa wata majami'a za ka samu littafinta cif tun daga 1770 da wani abu, maƙwabciyarta kuma ko shafi ɗaya babu.

Abin da za ka nema shi ne littafin zaman ikilisiya, wanda a kasidun ɗakunan ajiya za ka gan shi da sunan "minute book" ko "church book". Majami'un ƙauye a lokacin sau ɗaya a wata suke samun fasto, don fasto ɗaya yakan riƙe uku ko huɗu. Ranar Asabar ɗin da ke kafin Lahadin wa'azi sai 'yan ikilisiya su zauna su duba lamuransu, magatakarda yana rubutawa. A farkon littafin akwai alkawarin ikilisiya da ƙa'idojin zama, sai jerin sunayen mambobi, wanda a Virginia yakan kasu huɗu: Turawa maza, Turawa mata, baƙaƙe maza, baƙaƙe mata. Wasu magatakardan a ƙarshen littafin suke sa jerin baƙaƙe, wasu ma su juya littafin su faro daga baya, don haka kada ka tsaya a inda rubutu ya ƙare ka ce shi ke nan. Na taɓa mayar da wani littafi na ce babu kome a ciki, sai bayan wata biyu na gane sunayen bayin suna can bayan fararen shafuka kusan arba'in.

Bari in tsaya a kan kalmomin da za ka yi ta gani, don a cikinsu labarin yake. "Received by experience" na nufin mutum ya tashi a gaban ikilisiya ya ba da shaidar tubarsa, aka karɓe shi, sai baftisma ta biyo, galibi washegari a rafi. Wannan sabon shiga ne. "Received by letter" kuwa na nufin ya zo da takardar sallama daga wata majami'a, kuma in ka yi sa'a magatakarda ya faɗi wacce. "Dismissed by letter" ba kora ba ce, ko da yake da yawa suna yi mata wannan fassara su tayar wa kansu hankali. Sallama ce ta mutunci, shaidar cewa mutum ya tafi ba shi da laifi. Kora ita ce "excluded" ko "excommunicated", dawowa bayan tuba kuma "restored". A gefen sunayen bayi za ka ga wasu kalmomin da ba a rubuta wa Turawa: "sold", wato an sayar, ko "gone south", an tafi da shi Kudu. Kalma ɗaya ce a gefen shafi, amma wani lokaci ita ce kaɗai shaidar da ta rage ta ranar da aka raba uwa da 'ya'yanta.

To ga inda gizo yake saƙa. Ba a cika rubuta bawa da sunan mahaifi ba. Sunansa na fari ake sawa, a jingina shi da ubangidansa: wance ta wane, ko wance baiwar gwauruwar wane, kamar yadda mu muke cewa wance ta gidan wane. Majami'u da yawa ma ba sa yi wa bawa baftisma sai ya kawo rubutaccen izinin ubangida. Ke nan in ka shiga littafin da sunan da ka gani a ƙidayar 1870 kawai, za ka tarar da mata bakwai ko takwas masu sunan fari iri ɗaya, ba ka san wacce ce taku ba. Don haka kafin ka taɓa littafin coci, nemo sunan ubangidanta na ƙarshe. Kada kuma ka ɗauka sunan da ta ɗauka bayan 'yanci nasa ne. Wasu nasa suka ɗauka, wasu na tsohon ubangidan kakansu, wasu kuma suna da sunan dangi da suka riƙe a tsakaninsu shekara da shekaru ba tare da Bature ya taɓa rubuta shi ba.

A nan kun taki sa'a. Ranar 27 ga Fabrairu 1866 majalisar Virginia ta yi dokar da ta halatta auren 'yantattun bayin da ke zaune tare a matsayin miji da mata, aka kuma rubuta su gunduma-gunduma. Yawancin waɗannan rajistoci sun ɓace, amma Caroline tana cikin gundumomin da tasu ta tsira, tana kuma hannun Library of Virginia, ɗakin karatu da ajiyar takardu na jihar, a Richmond, an sa ta a intanet cikin tarin da suke kira Virginia Untold. Irin wannan rajista takan kawo sunan miji da na mata, shekarunsu, inda aka haife su, sunayen 'ya'ya, da sunan ubangida na ƙarshe. In matar nan tana da aure a 1866, daga nan za ka fara. In ba ta ciki, akwai rajistar haihuwa da mutuwa da Virginia ta fara a 1853 ta ci gaba har 1896. A cikinta an rubuta haihuwar 'ya'yan bayi da sunan ubangida, sau da yawa har da na uwa. Mace da aka haifa wajen 1836 tana iya haihuwa tsakanin 1853 da 1865, saboda haka ɗauki sunayen manyan 'ya'yanta daga ƙidayar 1870 ka neme su a can. Takardun shaidar mutuwar 'ya'yanta ma, in sun rayu har bayan 1912 da jihar ta dawo da rajista, sukan faɗi sunan uwa na kafin aure. Ƙidayar bayi ta 1850 da ta 1860 kuwa ba sunaye a ciki, sai shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangida. Amfaninta tabbatarwa ne bayan ka san wanda kake nema.

In ka samu ubangida, sai tambaya ta gaba: wace majami'a?

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya tafi cocin da dangi suke zuwa yanzu ya ce a ba shi littafin 1850. A ƙauyukan Virginia, yawancin majami'un baƙar fata bayan yaƙin basasa aka kafa su, daga 1865 zuwa shekarun 1870. Kafin nan bayi suna cikin majami'un da Turawa ke shugabanta, suna zama a baranda ta sama ko a baya, kuma a wurare da yawa na gabashin jihar sun fi Turawan yawa nesa ba kusa ba. Bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831, doka ta hana baƙar fata yin wa'azi ko taron ibada ba tare da Bature a wurin ba. Ko First African Baptist ta Richmond, da ta samu nata ginin a 1841, Bature ne fastonta, Robert Ryland, har zuwa 1865. Saboda haka sunan kakar nan, in yana wani wuri, yana cikin littafin cocin Turawa. Tarihin cocin danginku, irin wanda ake bugawa a ƙasidar bikin cika shekara ɗari, kusan kullum yana faɗin uwar cocin da suka fito daga ciki. Nemi wannan ƙasidar wurin tsofaffin gida.

In babu ita, sai ka bi ƙasa. Gano inda gonar ubangidan take, ka duba majami'un Baftis da mutum zai iya kaiwa da ƙafa ranar Lahadi ya dawo. Ba dole ne bawa ya bi ɗarikar ubangidansa ba. Da yawan manyan masu gonaki 'yan Episkofal ne, wato Angilikan na Amurka, ko ma ba sa zuwa ko'ina, bayinsu kuma Baftis. Kada iyakar gunduma ta tsare ka. Mai zaune a gefen Caroline yana iya zama mamba a Spotsylvania, ko Hanover, ko Essex, ko King William.

Sunayen majami'u suna canzawa, wannan kuwa ya ɓatar da mutane da yawa. A Caroline ɗin nan, Carmel da aka kafa a 1773 da farko Polecat ake ce mata, da sunan rafin da ke kusa, daga baya aka koma kiranta da sunan Burruss, ɗaya daga cikin masu wa'azin da aka ɗaure a gundumar a 1771 saboda wa'azi ba lasisi. A maƙwabta, Upper Spotsylvania ta zama Craig's, Lower Spotsylvania ta zama Waller's. Ga kuma tarko na biyu: Salem, Bethel, Shiloh, Mount Zion, kusan kowace gunduma tana da tata, wani lokaci biyu, ɗaya ta Turawa ɗaya ta baƙaƙe. Kullum haɗa sunan coci da gunduma da shekara. Littattafai biyu suna warware yawancin wannan ruɗani. John Asplund ya zaga ƙasar ya jera majami'un Baftis na 1790 gunduma-gunduma, da fastocinsu da yawan mambobi. Robert Semple kuma ya buga tarihin Baftis na Virginia a 1810, coci bayan coci. Duka biyun ana samun su kyauta a intanet.

Akwai kuma rahotannin ƙungiyoyin yanki. Majami'un da ke kusa da juna sukan haɗu su kafa ƙungiya mai zama sau ɗaya a shekara, su buga rahoto. Na Caroline sun rabu tsakanin ƙungiyar Dover, wadda aka kafa a 1783, da ta Goshen. Ba za ka ga sunan baiwa a irin wannan rahoto ba, kada ka sa rai. Abin da yake ba ka shi ne jerin majami'u na kowace shekara, da sunan fasto da magatakarda da wakilai, da adadin waɗanda aka yi wa baftisma, aka sallama, aka kora, ko suka mutu. Daga baya suka riƙa ware adadin Turawa da na baƙaƙe. Da wannan za ka ga shekarar da coci ya canza suna, da shekarar da ya ɓace daga jeri, da shekarar da mambobinsa baƙaƙe ɗari biyu suka koma sifiri. Sunan magatakarda na ƙarshe na cocin da ya mutu shi ma abin riƙewa ne, don littafin yana iya kasancewa a hannun jikokinsa.

Ɓacewa daga jeri ba kullum mutuwa ba ce. A wajen 1832 Baftis na Virginia sun dare gida-gida. Wasu suka bi koyarwar Alexander Campbell suka zama Disciples of Christ, wasu suka ƙi ƙungiyoyin mishan da makarantar Lahadi suka zama Primitive Baptist. Ɓangaren da magatakarda ya bi, can littafi ya bi. Sai ka ga littafin da ya fara a matsayin na Baftis yana ajiye a ƙarƙashin wata ɗarika dabam.

Wuraren ajiya kuwa ba su da yawa, kuma manyan biyun duk a Richmond suke. Na farko shi ne Virginia Baptist Historical Society, da ke harabar Jami'ar Richmond, wadda aka kafa a 1876. Majami'u da dama sun kai littattafansu na asali can ajiya. Ma'aikatan wurin sun kuma bi littattafan kafin yaƙi sun tsamo dubban sunayen bayi da 'yantattu da iyayengijinsu sun jera, aikin da zai rage maka wahalar makonni. Ƙaramin wuri ne mai ma'aikata kaɗan, sai ka rubuta ka nemi lokaci kafin ka je. Na biyu shi ne Library of Virginia, mai kwafin littattafan majami'u da yawa a maikurofim. Bayan su, duba kasidar FamilySearch, shafin intanet na binciken salsala, wadda kyauta ce: sa sunan gunduma, ka gangara zuwa sashen takardun coci. Southern Baptist Historical Library and Archives a Nashville ta ɗauki hoton littattafan majami'u masu yawa na jihohin Kudu. American Baptist Historical Society, da ta koma harabar Jami'ar Mercer a Atlanta a 2008, tana da babban tari na rahotannin ƙungiyoyi, har da na baƙar fata. Na majami'un baƙaƙe na bayan yaƙi, tambayi ɗakin karatun Virginia Union University. In sawu ya kai ku wata jiha, kowace tana da nata wurin: Wake Forest a North Carolina, Furman a South Carolina, Mercer ta Macon a Georgia, Samford a Alabama.

Yadda ka yi tambaya shi ke sa a amsa maka ko a share ka. Wanda ya rubuta ya ce yana neman duk abin da ke akwai kan dangin wane, ba mai amsa masa. Ka ce kana neman littafin zaman coci kaza, a gunduma kaza, daga 1845 zuwa 1870, musamman jerin mambobi baƙaƙe na gidan wane. In kuma littafin yana hannun cocin har yanzu, magatakarda ko shugaban dikinoni za ka nema, ba lallai fasto ba, don fasto baƙo ne, yau yana nan gobe ya tafi. Mutanen nan aikin sa kai suke yi, ba su da wani tilas a kanka. Ni shawarata matarka ce za ta rubuta da sunanta, a matsayin jikar tsohuwar mamba, ta nemi izinin zuwa ta ɗauki hoto da waya. Wasu majami'un suna ɗari-ɗari da shafukan horo, don jikokin waɗanda aka kora saboda maye ko zina suna nan zaune a benci. In ka ce shekarun kafin 1870 kaɗai kake so, ƙofa takan fi saurin buɗewa.

In littafi ya zo hannunka, kada ka tsaya a jerin sunaye. Jerin nan akan sake kwafe shi duk bayan 'yan shekaru, a zubar da waɗanda suka mutu ko suka tafi. Karanta zaman wata-wata ɗaya bayan ɗaya, ko da ido zai yi ja. A cikin shari'o'in horo ne mutane suke fitowa da jikinsu. Ikilisiya ta ɗauki Matiyu sura 18, inda aka yi maganar tsawata wa ɗan'uwa mai laifi, da gaske, tana tuhumar mambobinta kan faɗa, da rawa, da shan giya, da ƙin zuwa taro. Bayi kuma ana ƙara musu da tuhumar gudu daga ubangida, da sata, da rashin biyayya. Karatun ba daɗi, don kana ganin coci yana taya ubangida riƙe bawa. Amma a nan ne za ka ga an ce wance matar wane ce ta gidan wane, ko an aiki dikin baƙar fata wane ya je ya yi mata magana. Auren da doka ba ta sani ba, coci ya san da shi, tunda yana hukunci a kansa. Tambayar da ta yi ta dawowa ita ce ta wanda aka sayar da mijinta ko matarsa zuwa nesa: ya halatta ya sake aure? Ƙungiyar majami'un Baftis ta yankin Savannah River ta amsa a 1835 cewa irin wannan rabuwa daidai take da rabuwar mutuwa. In kakar nan ta yi aure biyu, kana iya tarar da maganar a littafin.

Ranar baftisma ba ta faɗin shekarun mutum. Wata tana da sha huɗu, wata sittin. A shekarar farkawar addini za ka ga an yi wa mutum hamsin baftisma a wata guda, uwa da 'ya da kaka duk a layi ɗaya. Sunayen gida ɗaya da suka zo a jere alama ce mai kyau, amma alama ce kawai, kama da wane ba ta wane. Littafin coci ba kasafai yake cewa wance 'yar wance ce ba. Wannan sai a takardun gado na iyayengiji: wasiyya, da lissafin dukiyar mamaci, inda ake jera bayi da kuɗinsu, sau da yawa uwa da ƙananan 'ya'yanta a layi ɗaya. A nan Caroline ta yi rashi. Sojojin Arewa sun wawashe kotunta lokacin yaƙin basasa, a watan Mayun 1864, yawancin littattafan mallakar fili na kafin 1836 da na wasiyya na kafin 1853 suka salwanta. Abin da ke ceton mai bincike shi ne ƙararrakin rabon gado, inda magada suka kai juna kotu aka haɗa kwafin wasiyya da jerin bayi a cikin fayil. Library of Virginia tana da fihirisar waɗannan ƙararraki a intanet. Nemi sunan ubangidan, da na mahaifinsa, da na surukinsa, don bayi da yawa ta hannun amarya suke shiga sabon gida.

Shafukan da na fi so ka zuba wa ido su ne na 1865 zuwa 1872. A cikinsu mambobi baƙaƙe suke neman takardar sallama a dunƙule don su kafa tasu majami'a. Wani magatakardan layi ɗaya kawai ya rubuta, cewa an sallami 'yan'uwa baƙaƙe duka. Wani kuwa ya zauna ya jera su ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya koma tsohon jeri ya ƙara sabon sunan dangi a gefen sunan da aka san mutum da shi a bauta. In kuka faɗa hannun irin wannan magatakarda, allura ta tono garma, don a layi ɗaya za ka ga baiwar wane ta 1858 ita ce matar da ke ƙidayar 1870. Daga nan sai ka bi ta zuwa sabon cocin. Rahotannin ƙungiyar Shiloh ta baƙar fata, da aka kafa a Richmond a 1865, suna nuna sababbin majami'un da shekarar shigarsu.

Tunda kai mutumin gida ne, na san akwai abin da ke ranka ko da ba ka faɗa ba: ko za a bi har a kai Afirka. Kada ka sa wa littattafan nan wannan rai. Virginia ta hana shigo da bayi daga waje tun 1778, don haka matar da aka haifa a 1836 tsakaninta da wanda aka sauke daga jirgi akwai zuriya biyu ko uku a ƙalla. In littafin coci da takardun gado suka kai ku ga uwarta da kakarta, zuwa wajen 1790, kun yi abin da masu bincike da yawa ba su samu ba.

In kuma sunanta ya ƙi fitowa a duk majami'un da ke kewaye, akwai dalilai na gaske. Ba kowane mai zuwa coci ne mamba ba. Masu sauraro sun ninka waɗanda aka yi wa baftisma, kuma wasu sai bayan 'yanci suka shiga ruwa, a hannun fasto baƙar fata. Mai yiwuwa kuma a wata gunduma aka haife ta aka kawo ta Caroline daga baya, abin da rajistar 1866 za ta iya nuna maka.

Saura abu ɗaya da ya shafi Caroline ita kaɗai. A 1941 rundunar sojan Amurka ta karɓe fili sama da eka dubu 70 a gundumar ta yi sansanin horo, wanda aka sa wa suna A. P. Hill. An tashi ƙauyuka, majami'u na Turawa da na baƙaƙe suka rufe ko suka ƙaura, aka kuma tone kaburbura aka mayar da su wasu maƙabartu a wajen sansanin. In tsofaffin gida suka ce cocinsu na asali gwamnati ta cinye shi, ko ka duba taswira ka rasa sunan ƙauyen da suke ambata, to a cikin wannan fili yake. Sai ka tambaye su wane coci mutanen suka koma bayan tashin, da kuma wa yake magatakarda a lokacin, don littafin ɗayan wuraren nan biyu ya nufa.